Kat-San-Kat da Masu Riƙonta: Tarihin Gyaran Tsofaffin Motoci a Ƙasar Dakoro

A Faransa, idan mota ta cika shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman, ta shiga sahun kayan tarihi. Mai ita sai ya ajiye ta a ɗaki ya lulluɓe, ranar hutu ya fito da ita ya wanke, ya kwance wannan ya ɗaure wancan da hannunsa, ya zaga gari ya dawo. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da ranakun haɗuwa, duk don sha'awa. In da wannan ma'auni za a auna mu, da yawa daga cikin motocin da ke kwasar mutane da awaki da buhunan hatsi zuwa kasuwannin ƙauyukan Dakoro sun daɗe da zama kayan tarihi, hutu ne dai ba su samu ba. Abin da nake so mu duba tare, malamai ƴan uwana da iyayen yara, shi ne yadda aka yi ƙarfen da aka ƙera kafin a haifi yawancinmu ya kai yau yana tafiya a cikin rairayi, da kuma irin ilimin da ya riƙe shi, domin ilimin nan yana gab da ɓacewa kuma ya shafi ƴaƴanmu.

Mota ta riga hanya zuwa ƙasarmu. Ayarin motocin Citroën da ya ratsa Afirka a 1924 zuwa 1925 ya bi ta Yamai da Damagaram, amma wannan baƙo ne mai wucewa. Abin da ya zaunar da mota a yankin Maraɗi gyaɗa ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar kudancin Nijar ta sami mafita, kuma sannu a hankali manyan motoci suka karɓi aikin da raƙuma da jakuna ke yi. Bayan samun ƴancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikin gyaɗar, alhazan Maraɗi kuma suka zuba dukiya a harkar sufuri. Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a bakin iyakar noma da kiwo, don haka rabonta da wannan arziki kaɗan ne. Motocin da tsofaffinmu suka fara sabawa da su na hukuma ne: ta kwamanda, ta likitan dabbobi, ta masu allurar rigakafi. Mafi yawansu Land Rover ce, wadda Ingila ta fara ƙerawa a 1948, jikinta na alminiyom ba ya tsatsa, kuma idan batir ya mutu akwai ƙarfen da ake zura mata ta gaba a murza da hannu ta tashi.

A wancan zamani direba shi ne makanike. Wanda zai bar Dakoro ya nufi Bermo ko Gadabeji ya san babu gareji a gabansa, babu waya, kuma motar da za ta biyo bayansa tana iya yin kwana biyu ba ta zo ba. Saboda haka ba a ba mutum sitiyari sai ya shekara da shekaru yana karen mota, yana wanki, yana sa waigi, yana kallon hannun maigidansa. Wannan tsari, da ake raina shi yau, shi ne makarantar koyon sana'ar mota ta farko a ƙasar nan.

Sai Peugeot ta zo. An fito da 404 a 1960, shekarar da Nijar ta sami ƴanci, mu kuma muka raɗa mata kat-san-kat daga yadda ake faɗin lambar da Faransanci. Ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, abin da ya sa sunanta ya bazu cewa ita ce motar mugunyar hanya. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A Faransa an daina ƙera 404 ta zaman mutane a 1975, amma a Kenya an ci gaba da harhaɗa mai buɗaɗɗen baya har 1991. Ita wannan mai buɗaɗɗen bayan, da ake yi wa rumfar tamfol, muna ce mata bashe, ƴan Najeriya na ce mata a-kori-kura, kuma ita ce ta zama jakar kasuwannin ƙauye.

Ta hanya uku Peugeot ta shigo mana. Akwai sababbi da gwamnati da manyan ƴan kasuwa ke saye. Akwai na Kaduna, inda masana'antar PAN ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har shekarun 2000, shekara ashirin da wani abu bayan Faransa ta bar yin ta zaman mutane a 1983. Hanya ta uku ita ce ta Sahara, kuma matasan yau ba su san ta ba. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha a Faransa ko Jamus, su haye teku da ita zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanraset da In Gezzam, su shigo ta Asamaka zuwa Arlit da Agadas, su sayar da ita su hau jirgi su koma gida. Gasar Paris-Dakar da aka fara a ƙarshen 1978, wadda ta riƙa bi ta Agadas, ta ƙara musu kwaɗayin tafiyar. Tawayen arewacin Nijar da rikicin Aljeriya a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da dama ta nan suka sami motarsu ta farko, mota ce da ta riga ta tsufa kafin ta iso hannunsu, kuma albashinsu bai kai su riƙa kai ta gareji kullum ba. Dole ta sa suka koyi buɗe bonet.

Abin da ya ba su damar koya shi ne yadda aka ƙera injin. Komai nasa a fili yake, ana gani da ido, ana ji da kunne. Mai yana tasowa daga tanki zuwa kafireto, can yake gauraya da iska. Wuta tana fitowa daga batir, ta bi ta wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, ta isa buji. Idan mota ta ƙi tashi, tambaya biyu ce: mai na zuwa? wuta na zuwa? Mutumin da ya gane wannan ya gane rabin sana'ar. Tazarar da ke tsakanin ƴan ƙarafan nan ba ta kai rabin milimita ba, kuma wanda ba shi da ma'auni yakan gwada da kaurin kwalin ashana ko na sigari. Wani abu kuma da ya tsawaita ran Peugeot shi ne bututun da fistin ke kai da komo a cikinsa, wanda makanikai ke kira shamis. A injin 404 da 504 mai fetur ana zare shi a sa sabo. Ke nan idan inji ya gaji, yana shan mai yana hayaƙi, ba sai an kai shi wata babbar masana'anta an rarake shi ba: a sayo shamis huɗu da fistin huɗu da ringi, a shimfiɗa tabarma a gindin bedi, cikin kwana biyu inji ya koma saurayi. Akwai motocin da aka yi wa haka sau uku ko huɗu.

Amma babban gyara ba shi ne ya raya su ba. Wanda ya raya su shi ne ƙaramin aikin safiya, wanda ba a biyan kowa kuɗinsa. Kafin a murza makulli, mai mota zai zaro sandar gwada mai ya goge ya mayar ya sake dubawa. Zai buɗe lagireto ya ga ruwa. Zai danna fambel da yatsa ya ji ko ya saki. Zai leƙa ƙarƙashin mota ya ga abin da ya ɗiga cikin dare, kuma daga launi da wari ya san na inji ne ko na birki ko ruwa ne kawai. Zai zaga tayoyi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa a ƙasa irin tamu. Kan injin Peugeot na alminiyom ne, idan ya yi zafi fiye da kima sau ɗaya tak sai ya lanƙwashe, ruwa da mai su haɗu, kuma a watan Afrilu da Mayu, mota na nishi cikin rairayi da giya ta biyu, ba ta buƙatar minti goma ta tafasa. Ruwan wasu rijiyoyinmu yana barin farin dasashi a cikin lagireto ya toshe shi, shi ya sa masu hankali kan tari ruwan sama su ajiye don mota. Ƙurar hunturu tana cin inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi, saboda haka matatar iska, musamman irin mai kwanon mai a ƙasanta, ana wanke ta duk mako. Fetur na kwalba da ake saye a bakin hanya yana zuwa da datti, wani lokaci da ruwa, sai an tace shi da ƙyalle. Gargadar hanya kuwa tana kwance noti ɗaya bayan ɗaya, don haka duk wanda ya dawo daga doguwar tafiya yakan kwanta ƙarƙashin mota da sifana ya bi su yana ɗaurewa.

Mutane sun fi son labarin dabarun daji: yadda ake liƙe tankin da ya huje da sabulu, yadda ake ɗora jarka a kan rufi a saki tiyo zuwa kafireto idan famfon mai ya mutu, yadda ake ɗaure sifirin da ya karye da itace da robar tib, yadda ake rage iskar taya a ƙetare tudun rairayi. Duk gaskiya ne, kuma sun ceci rayuka. Amma a ganina an cika yabonsu. Waɗannan dabarun fita kunya ne, na a kai gari. Motar da ake riƙe da su kullum ba ta daɗewa, kuma ita ce ke kifewa da mutane ranar kasuwa. Direbobin da tsofaffi ke ambata da girmamawa su ne waɗanda ba a cika ganin motarsu a tsaye a daji ba.

Wanda ya saurari harshen gareji a Dakoro zai ji tarihin nan a cikinsa. Makanike ɗaya zai ce buji yanzu, an jima ya ce fulogi. Zai ce kulas, ya ce kan inji. Zai ce mota ta yi fan, ya ce ta lalace. Faransanci ya zo da motar da takardunta, Ingilishi ya zo da kayan gyaranta, domin Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba. Daga Maraɗi a bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, a kwana a Kano, a shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon ƙarfen a hannu a ce irin wannan ake nema. Wanda bai samu a nan ba ya zarce Panteka a Kaduna. Muddin masana'antar Kaduna na aiki, mai Peugeot a Dakoro bai rasa abin sawa ba.

Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka ko kuɗi sai ya taɓa bonet. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin da fari ya kashe dabbobi ya talauta masu shiga mota. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ake saye daga Faransa ya ninka kuɗi a dare ɗaya, albashi kuwa bai ninka ba. Daga nan ne cin naman mota ya zama sana'a sosai: a sayi matacciya a ajiye a bayan gida, a riƙa cire mata gaɓoɓi ana ciyar da mai rai. Daga nan ne kuma kayan jabu suka cika kasuwa, mai mota ya koyi auna nauyin ƙarfe a tafin hannu kafin ya biya. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowane karo, wanda ya iya gyara abin da ke hannunsa ya ci gaba da tafiya, wanda ya saba da sayen sabo ya jingine mota.

A hankali Toyota ta karɓe daji. Land Cruiser da Hilux sun fi Peugeot ƙarfin rairayi saboda ƙafafunsu huɗu duk suna ja, kuma tsofaffinsu masu gas suna da sauƙin sha'ani irin na da. A cikin gari kuma motocin da aka yi amfani da su a Turai suka riƙa shigowa ta tashar ruwan Kwatano. Da su ne aka sami canjin da ya fi kowane girma. Dokokin hayaƙi na Turai a farkon shekarun 1990 sun kashe kafireto, aka koma ga injin da ƙaramar kwamfuta ke auna masa mai. Daga 1996 a Amurka, daga 2001 a Turai, doka ta tilasta a sa wa motocin fetur wata kafa da ake jona na'ura ta karanto abin da ke damun inji. Motar yau ta fi ta jiya ƙarancin shan mai, ta fi ta kare rai idan an yi haɗari, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai idan ta tsaya tsakanin Kornaka da Dakoro, kunne da kwalin ashana ba su da abin yi mata.

Waɗanda suka rage da kat-san-kat da 504 yanzu iri biyu ne. Akwai masu neman abinci da su, domin ba su da halin canzawa. Akwai kuma ƴan tsiraru, yawanci tsofaffin ma'aikata, da suke riƙe da su don ƙauna, kuma su ne takwarorin Turawan da na fara da su, ko da yake ba su da ƙungiya ba su da mujalla. Na san wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana da 504 fara wadda ya saya tun yana darakta a ƙauye. Ƴaƴansa sun yi sun yi ya bari su sauya masa, ya ƙi. Ba ya zuwa ko'ina da ita sai masallacin Juma'a da gona da gaisuwar mutuwa, amma kowace safiya sai ya yi mata duban nan da na lissafa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani tsohon littafin rubutu na ƴan makaranta da yake ajiye a aljihun motar. A ciki ya rubuta ranar da ya juye mai, da kilomitar da mota ta yi, da abin da ya canza, da kuɗinsa, shekara da shekaru. Na ce masa, "Baba, wannan ai rajistar aji ce." Ya ce, "Malam, yaron da ba ka kiran sunansa kullum, ranar da ya ɓace ba za ka sani ba." Wanda ya karanta littafin nan zai ga karyewar sefa a farashin buji ba tare da an gaya masa ba.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Mun daɗe a makaranta muna yi wa yaro barazana da gareji: in ba ka yi karatu ba, karen mota za ka zama. Iyaye ma haka, sai yaro ya faɗi jarrabawa sau biyu ake kama hannunsa a kai shi wurin makanike, kamar wanda ake kaiwa horo. Wannan ya yi aiki a zamanin kafireto, lokacin da yaro mai ido da haƙuri zai iya zama gwani ko bai san baƙi ba. Yanzu na'urar da ke karanta ciwon mota da Faransanci ko Ingilishi take magana, zanen wayoyin wuta sai mai karatu, ma'aunin batir sai wanda ya san lissafin ɗigo. Yaron da aka cire daga aji uku aka kai gareji zai tsaya a wanki da ɗaure noti, gyaran kuwa a kai shi Maraɗi ko Kano. Wanda ya yi karatun kuma an koya masa ƙyamar baƙin mai, ya sayi mota bai san inda sandar gwada mai take ba. Muna da Lycée Technique Dan Kassawa a Maraɗi, muna da cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa, amma sau nawa muke tura musu ɗalibin da ke na ɗaya a aji?

Kuma tsohuwar mota kayan koyarwa ce da babu irinta a makarantunmu. Darasin da muke zanawa a allo, na yadda zafi ke kumbura ƙarfe, da yadda wuta ke zagaya waya, da yadda iska da mai ke ƙonewa, duk yana nan a buɗe cikin bonet ɗin 504, ana taɓawa da hannu. Sabuwar mota ta rufe nata da murfin roba. Malamin da ya roƙi irin wannan dattijo ya kawo motarsa farfajiyar makaranta na awa ɗaya, ya bar yara su ga buji yana tartsatsi, ba sisin da zai kashe. Amma sai an hanzarta, domin masu motocin suna tsufa, kuma magada ba sa jira: ana gama sadakar arba'in ƴan gwangwan ke zuwa da sikeli.

Ko a hannunsu ma kat-san-kat ba ta tafiya gaba ɗaya. Ƙarfen ƙafafun baya yana komawa amalanken shanu, ya ci gaba da ɗaukar ruwa da kara. Tib yana zama guga a bakin rijiya, taya ta zama takalmi. Kan inji da sauran alminiyom ana narkar da su a zuba tukwane da ludaya. Sifirin na baya kuwa maƙera ke rububinsa, domin ƙarfe ne mai riƙe kaifi, da shi suke ƙera gatari da wuƙa da hauya. Wani maƙeri a kasuwa ya gaya mini cewa sifirin bashe yana neman ya gagare su samu, ƙananan motocin yanzu kuwa nasu murɗaɗɗe ne siriri, ba ya ba da faɗin da za a fitar da ruwan hauya.